Sulke Ba Ya Jin Sara

Ranar da na fara riƙe takobi ta tsakiyar kaifinsa, hannuna na hagu rawa yake yi. Malaminmu ya shimfiɗa kwafin wani shafi a ƙasa, ya danne shi da kwalkwali. A zanen, mutum biyu ne cikin sulken ƙarfe tun daga ka har ƙafa, kowanne hannun dama a ƙota, na hagu a tsakiyar takobin, tsini ya nufi hamatar abokin karawarsa. Shafin daga littattafan nan ne da ake kira Gladiatoria, na wajejen 1430 zuwa 1440. Sulken farantin ƙarfe ba ya jin sara, don haka takobi yakan koma gajeren mashi, a nemi inda ƙarfe bai rufe ba: hamata, tafin hannu, bayan gwiwa, tsagar ido ta kwalkwali. In ta ƙi, sai a juya shi, a kama kaifin da hannu biyu, a maka wa mutum ƙota kamar guduma. Daga nan sai kokawa, sai wuƙa.

Mu da ke wannan harka a Jamus ba mu tarar da dattijon da ya gaji fannin daga kakansa ba. Takardu muka gada. Mafi tsufansu, wanda ake kira I.33, na wajejen 1300 ne, da Latin, yana nuna wani limamin coci yana koya wa almajirinsa takobi da ƙaramar garkuwa. Yau yana birnin Leeds na Ingila. Amma uban gidanmu shi ne Johannes Liechtenauer na ƙarni na 14, wanda ya dunƙule iliminsa cikin baitoci, ya duhunta su da gangan don kada kowa da kowa ya gane. Wani kundi na Nuremberg da ake dangantawa da 1389 yana ɗauke da su, babu zanen faɗa ko ɗaya.

Hans Talhoffer kuwa zane ya cika, magana kaɗan. Littafinsa na 1467 da ke Munich har da faɗan shari'a tsakanin mace da namiji, namijin a cikin rami. Wani malamin takobi a Prague, Gustav Hergsell, ya buga shi a 1887, mutane suka sha kallo. A ganina nan aka daɗe ana ɓata: zane lokaci guda yake kamawa, ba ya faɗa maka abin da ya gabata ko inda ƙafa za ta sauka. Marubutan ƙarni na 19 da dama sun ɗauka faɗan mutanen da ƙarfin tuwo ne kawai.

Masana tsohon Jamusanci ne suka buɗe ƙofa. Martin Wierschin a 1965, sannan Hans-Peter Hils a 1985, suka bi kundayen suka nuna wane ya kwafa daga wane. Da intanet ta zo, ɗakunan karatu suka fara sakin hotunan shafuka, aka kafa taskar Wiktenauer a 2009, sai ga sharhin baitocin Liechtenauer da ke wani kundin 1452 na Roma kusa da zanen Talhoffer a allo ɗaya.

Akwai mutumin da nake tunawa da tausayi, Paulus Hector Mair, ma'aikacin birnin Augsburg. Ya saye tsofaffin kundaye, ya sa masu zane suka yi masa manyan littattafai, ya ci kuɗin baitulmali, aka rataye shi a 1579. Da yawa daga abin da muke karantawa ta hannunsa suka biyo.

Har yanzu gardama ba ta ƙare a zaurenmu ba. Makon jiya mun kwashe awa guda a kan zane ɗaya: hannun hagun nan ture gwiwar hannu yake yi, ko janyo ta? Biyu daga cikinmu suka sa sulke suka gwada. Turewa ta kayar da mutum, janyowa ma ta kayar da shi, muka koma kan rubutun da ke ƙasan zanen muna bin sa harafi harafi.