Matsayin Majinyaci a Kulawa da Yara Masu Amosanin Jini da Sankarar Burkitt a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi binciken da aka riga aka wallafa kan amosanin jini, wato sikila, da sankarar Burkitt, domin gano inda ake rasa yaran da bai kamata a rasa ba. Nazarin ya nuna cewa magungunan cututtukan nan sanannu ne, har ma a Kano aka gwada ingancin ɗaya daga cikinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin iyali na kai yaro asibiti da zama da shi har a kammala. Saboda haka maƙalar ta nemi a riƙa lissafa ɗawainiyar majinyaci cikin kuɗin magani.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa duk shekara ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu amosanin jini a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana da rukunin jinin AS, wato yana ɗauke da gadon cutar. A ɓangaren ciwon daji kuwa, hukumar ta ce yara kusan 400,000 ne ke kamuwa duk shekara a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a matalautan ƙasashe da dama ba a kai kashi 30 ba. Cutar iri ɗaya ce, hanyar da ke tsakanin gida da gadon asibiti ce ta bambanta.

2.0 Amosanin Jini

Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka gudanar a Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa, ya bar mana shaida mai ɗaga hankali. Fleming da abokan aikinsa sun ruwaito a 1979 cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na jariran yankin SS ne, wato masu amosanin jini, amma da wuya a sami mai SS cikin yaran da suka tasa. Wato mafi yawansu sun rasu tun ba a san me ke damunsu ba. A ganina, da yawa daga cikin matan da aka riƙa cewa suna wabi a karkara, wannan cuta ce ta yi ta ɗauke musu 'ya'ya.

Ba don rashin magani ba ne lamarin ya ci gaba. Tun 1986 gwaji a Amurka ya tabbatar da cewa shan fenisilin kullum yana rage mummunar cutar ƙwayoyin nimoniya a jini da kashi 84 cikin 100. A 1998 kuma aka nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, aka gano yaran da ke cikin haɗari, ƙarin jini duk wata yana kare kusan dukkansu daga shanyewar ɓarin jiki. Sai dai ƙarin jini duk wata ba abu ne mai yiwuwa ba a inda uba ne zai nemo ɗan'uwan da zai ba da leda ɗaya kafin a ɗaura wa ɗansa.

Wannan giɓin ne likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka tunkara a gwajin SPRING. Sun ba yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 ƙwayar hydroxyurea a maimakon jini, rabinsu miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki, rabi miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu, ba tare da wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Abin lura shi ne ƙwayar ta mayar da nauyin aikin gida. Uwa ce za ta tuna da ita kowace rana, ta gane kumburin saifa da alamar shawara a ido, ta ɗumama yaro da hunturu, ta kuma san cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba ya jiran gari ya waye. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 za ta iya rage haihuwar masu cutar nan gaba, amma ba ta ɗauke wa uwar da ke goye da mai ita yau komai ba.

3.0 Sankarar Burkitt da Barin Magani

Denis Burkitt ne ya bayyana wannan sankara a Yuganda a 1958, kuma a 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikinta. Ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Takan fito a muƙamuƙi ko a ciki, kuma tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Duk makon da aka ɓata wajen cire haƙori, ko sakiyar wanzami, ko neman karya sammu, asara ce babba.

Saurin jin maganinta ma yakan zama tarko. Bayan zagayen farko na allurar cyclophosphamide kumburin yakan saɓe, iyaye su ɗauka an warke. Ga damina ta kama, ga ƙanne a gida, ga akuyar da aka sayar kuɗinta sun ƙare. Sai a koma ƙauye, cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Masana suna kiran wannan barin magani, wato ƙin fara shi ko katse shi har mako huɗu. Kuskure ne a jingina shi ga jahilcin iyaye kaɗai. A birnin Resife na Barazil, rahoton 2004 ya nuna cewa bayan an samar wa iyalan yara masu sankarar jini masauki, kuɗin mota da ma'aikatan bibiya, masu barin magani sun sauko daga kashi 16 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Iyayen dai su ne na da, aljihunsu aka tallafa.

4.0 Shawarwari

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2018 yana son kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji su riƙa rayuwa nan da 2030, kuma sankarar Burkitt tana cikin cututtukan daji shida da ya sa a gaba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Ya kamata jihohi su sanya waɗannan yara a cikinsa kai tsaye, su fara yi wa jarirai gwajin sikila a wurin rigakafi, su kuma gina masaukin 'yan jinya kusa da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Hukumomin zakka da waƙafi suna iya ɗaukar abinci da kuɗin mota. Ga masu bincike kuwa, muna roƙon duk wanda zai ruwaito yawan yaran da suka warke, ya ruwaito yawan waɗanda ba su dawo ba, da nisan garinsu, da dalilin da iyayensu suka bayar.