Turancin Kasuwanci a Jami'a da Abin da Ofis Ke Nema

Turancin kasuwanci reshe ne na koyar da harshe domin buƙata ta musamman, kuma ginshiƙinsa shi ne tantance abin da ɗalibi zai yi da harshen kafin a tsara darasi. John Munby ya shimfiɗa hanyar wannan tantancewa a 1978. A 1987 kuma Hutchinson da Waters suka bambanta abin da aiki ke nema, da abin da ɗalibi ya rasa, da abin da ransa ke so.

A jami'o'in Najeriya wannan ginshiƙi bai kafu sosai ba. Kowane ɗalibin aji ɗaya yana ɗaukar kwas ɗin Turanci na GST 111, ko akanta zai zama ko likita, a ɗakunan da ke cika maƙil, kuma a wurare da dama jarrabawar ta canki-canka ce a kwamfuta. Mai iya zaɓen amsa cikin huɗu yana iya cin jarrabawa bai taɓa rubuta wasiƙar neman biyan bashi ba.

Ofis kuwa rubutu yake so. Ma'aikaciyar banki a Kano takan zaunar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ta warware masa sharuɗɗan rance da Hausa, ya tambaya, ta sake bayani, sannan ta juya ga kwamfuta ta rubuta wa manajanta taƙaitaccen rahoto da Turanci kafin a tashi. Wannan kai-komo tsakanin harsuna biyu gwaninta ce babba, amma ba kasafai manhaja ke kula da ita ba. Haka akawun masana'anta a Sharaɗa ko Bompai: takardar farashi, imel zuwa ga mai kawo kaya daga Sin, rubuta bayanin taro.

Ƙofar gyara a buɗe take. Manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ya kamata sassan nazarin kasuwanci su yi amfani da wannan dama su haɗa kai da malaman Turanci, su karɓo ainihin takardun aiki daga bankuna da kamfanoni, a goge sunaye, a koyar da su. Masu ɗaukar aiki sukan ce dai yaran ba su iya Turanci ba, maganar da ba ta isa a gina darasi a kanta ba. Dole malami ya zauna a ofishin ya ga wace takarda ake dawo wa sabon ma'aikaci da ita, da dalilin dawo da ita. Jarrabawa ma ya kamata ta koma rubutun rahoto da gabatar da shi baki da baki, wanda ke buƙatar ƙananan azuzuwa da ƙarin malamai masu duba rubutu.