Gidan Ilojo: benen da doka ta kare amma katafila ta rushe

Duk wanda ya daɗe yana harka a tsibirin Legas a cikinmu zai tuna wani tsohon bene a bakin titin Bamgbose, dab da dandalin Tinubu. Mun sha wucewa ta gabansa ba mu ɗaga kai ba. Shi ne Ilojo Bar, wasu kuma su ce Casa do Fernandez, da sunan iyalin da suka fara mallakarsa. An gina shi wajen 1855.

Salon gininsa daga ƙetaren teku ya zo. A ƙarni na 19 bayin da suka sami 'yanci a Bahiya ta ƙasar Barazil sun riƙa dawowa Legas, inda ake kiransu Aguda. Kada mu manta, cikin waɗanda aka kai Bahiya akwai Hausawa, kuma Musulmi ne suka jagoranci boren bayi na 1835, wanda bayansa dawowar ta ƙaru. Da yawansu sun dawo da sana'a a hannu: magina, kafintoci, maƙera.

Yadda suke gini shi ne su ɗora bango mai kauri da jan bulo, wato gasasshen tubali, su shafe shi, sannan su fitar da ado a jikin shafen. A Ilojo ƙofofi da tagogi dogaye ne, samansu ya lanƙwasa ya haɗe da tsini kamar bakin mashi. Hawan sama kuma yana da baranda ta ƙarfe da maƙera suka murɗa. Ba kwalliya kaɗai ba ce. Kaurin bango da tsawon taga su ke sa ɗaki ya yi sanyi a garin da zufa ba ta ƙarewa, tun ba a san fanka ba. Mai son ganin irin wannan hannu a yau ya je masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. Maginin Aguda ne ya yi shi.

A 1933 Alfred Olaiya, mahaifin mawaƙi Victor Olaiya, ya sayi gidan. A 1956, tun Turawa ba su tafi ba, aka sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa, ma'ana ko mai shi ba shi da ikon rushe shi ko sauya masa fasali sai da izinin hukuma.

To amma takarda ba ta toshe yoyo. Shekara da shekaru gidan yana lalacewa, gyara sai alkawari, ga fili a tsakiyar kasuwa yana ta tsada. Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, muna can muna cinikin raguna, aka sa masa katafila. Kafin a dawo aiki bayan hutu, babu abin da ya rage sai tarin bulo da ƙura.