Wa ke sayen sukarin fada? Tarihin muhawararmu daga zaure zuwa wayar hannu

Duk wanda ya taɓa zama a wata fada a Gaat el Oued ko Tahaggart bayan sallar isha ya san yadda ake yi. Ana hura gawayi, ana ɗora buta, ana zagayawa da ƙananan kofuna har sau uku, kamar yadda muke yi a Agadas da Damagaram, kamar kuma yadda maƙwabtanmu Kel Ahaggar suke yi. Kafin a kai ga shayi na uku an tattauna farashin dabino, an taɓa siyasar Yamai, an yi gardama kan labarin da direba ya zo da shi daga In Guezzam. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, akwai wanda ya sayi ganyen shayin da sukarin da gawayin. Idan karo-karo aka yi, kowa yana magana da ƙarfin gwiwa. Idan kuwa alhaji ɗaya ne ke saye kullum, za ka lura ba a cika musa masa ba. Wannan ƙaramin al'amari shi ne zaren da za mu bi a yau, domin duk wurin da Hausawa suka taɓa taruwa don musayar hujja akwai mai ɗaukar nauyinsa, kuma bukatar mai ɗaukar nauyin takan bayyana a cikin irin maganar da ake yi.

Bari mu fara daga ƙasar da muke zaune. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan wanda ya zauna a Tuwat, ya keta Sahara ya isa Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Ya rubuta wa Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, ya je Katsina, daga baya ya isa Gao inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammad. Ya kuma yi saɓani a rubuce da Imam as-Suyuɗi na Masar kan ilmin manɗiƙi, Suyuɗi yana hanawa, shi kuma yana karewa. Kabarinsa yana Tuwat har yau, a jihar Adrar. A wancan zamani kowace hujja tana da tsada. Takarda daga ƙetaren teku take zuwa, sai an samu mai kwafa da kyakkyawan hannu, sai an jira ayari, amsa kuma takan ɗauki watanni. Wanda zai biya duk wannan ba zai zuba shirme a takarda ba. Sarakuna da attajiran ayari su ne suke ciyar da malamai, suna sauke su a zaurukansu, saboda haka tambayoyin da aka fi amsawa su ne na masu mulki da na masu dukiya.

Kada mu ɗauka tsadar takarda ita kaɗai ke hana ɓarna. Shi wannan al-Maghili ya yi jayayya da alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, kan wurin ibadar Yahudawan Tamantit. Kowanensu ya rubuta wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka zo mabambanta, amma maganar ta ƙare da rushe wurin ibadar da zubar da jini da tarwatsewar wata tsohuwar al'umma. Mu da muke zaune a matsayin tsiraru a ƙasar wasu, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai.

Bayan shekara ɗari uku, a lokacin jihadin da ya soma a 1804, an yi wata muhawara da har yau ake karantawa. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya aiko da wasiƙu daga Borno yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da suke salla da azumi. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, kuma ya shigar da wasiƙun abokin jayayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisur na 1812. Takubba suna aiki tsakanin ɓangarorin biyu, duk da haka Bello bai ɓoye hujjar Kanemi ba, shi ya sa mai karatu a yau yake iya auna maganar kowa da kansa. Wannan ladabi ne da ya kamata mu tambayi kanmu ko ya rage mana.

Da Turawa suka zo, mai biya ya sauya. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da ofishin. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma kwabon mai karatu bai isa ya riƙe jarida ba, hukumar mulkin mallaka ce ke tsaye a bayanta. Abin da hukuma take so shi ne a kashe jita-jitar da ake yaɗawa gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Amma Imam ya buɗe ƙofa ga wasiƙun masu karatu, malaman makaranta da akawuna da ƴan kasuwa suka fara rubuto ƙorafi da ra'ayi da Hausa, wani ya amsa wa wani daga gari zuwa gari. Akwai edita a tsakani, mai zaɓe da gyara, wanda sunansa ke kan abin da aka buga. Wannan ya ɗaga darajar magana, ya kuma sa mata iyaka, domin akwai abin da mai biya ba zai bari a buga ba.

An ga wannan iyaka ƙuru-ƙuru a Bauchi cikin shekarun yaƙin. Jami'an mulkin mallaka sun amince a kafa wani zauren tattaunawa inda ƴan boko da ma'aikatan En'e za su riƙa haɗuwa. A cikinsa akwai Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muddin ana magana kan abubuwan da ba su ƙona kowa, zaman ya ci gaba. Da muhawara ta taɓa tsarin mulkin sarakuna da yadda Turawa ke mulki ta hannunsu, sai aka rufe zauren. Mutanen nan ba su daina magana ba. Sun koma kafa ƙungiyoyin da su da kansu za su ɗauki nauyinsu, kuma daga wannan hanya aka iso ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Darasin a fili yake: tabarmar aro, mai ita yana iya naɗe ta duk sa'ad da ya ga dama.

Sai zamanin rediyo, wanda yawancin dattawanmu na Tamanrasset suka taso a cikinsa. Sashen Hausa na BBC ya fara a Maris 1957, Muryar Jamus ta bi a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuwa sai a 2007. Mosko da Beijing su ma sun yi magana da Hausa a zamanin yaƙin cacar baka. Kowace ƙasa da abin da take nema a kunnenmu, amma da yake suna da yawa, mai sauraro yakan juya akwati daga wannan tasha zuwa waccan ya gwada labari da labari. A Nijar kuma, tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a ƙauyuka, inda jama'a ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar Yamai a watsa. Gwamnatin Diori Hamani ce ke riƙe da tsarin, saboda haka an fi jin maganar noma da lafiya fiye da sukar jam'iyya mai mulki.

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga Yuli zuwa Nuwamba 1991 ya sake fasalin komai. Jaridu masu zaman kansu suka yawaita, gidajen rediyo irin su Anfani suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1990, a Kano kuma Freedom Radio ta soma a 2003. A daidai wannan lokaci samarin Damagaram suka ari kalmar fada daga gidan sarki suka sa wa majalisar shayinsu ta bakin titi. Fada tana da suna, tana da shugaba da ma'aji, kowa yana zuba abin da ya samu. Wannan tsari ne muka ɗauko muka zo da shi nan, ta Agadas da Arlit da Assamaka. A duk tarihin da muka bi, fada ce wurin muhawara da talaka ya riƙe da aljihunsa. Aibinta shi ne ta maza ce kusan zalla, kamar yadda zauren malamai ya kasance a da.

Yanzu ga wayar hannu. An kafa Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Facebook ya sayi WhatsApp a 2014. A Aljeriya intanet mai sauri ya shigo wayoyi a ƙarshen 2013, kuma cikin ƴan shekaru majalisar ta koma aljihun kowa. Alherin da ke ciki ba ƙarami ba ne. Matar da ba ta taɓa zama a fada ba ta samu murya, wanda bai yi boko ba yana aika saƙon murya zuwa Kance ko Matamaye, mai gasa nama a bakin kasuwa yana ganin ƴaƴansa a Tawa kowane dare. Amma mu tambaya, wa ke sayen sukarin wannan sabuwar fadar? Mukan ce kyauta ce, alhali muna biyan kuɗin fleksi, kamfanin kuma kusan duk kuɗin shigarsa daga talla yake samu. Mai talla yana biya ne gwargwadon lokacin da idonmu ya daɗe a kan allo. Na'urar da ke zaɓar abin da za mu gani ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da take ƙirgawa shi ne wa ya tsaya, wa ya danna, wa ya mayar da martani. An kuwa san cewa zagi ya fi nasiha tara jama'a. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar a kan alamar so ta yau da kullum. Da aka fara biyan masu wallafa bidiyo gwargwadon masu kallo, sai gardama kanta ta zama sana'a.

Saboda haka lalacewar muhawara da muke kuka da ita ba daga lalacewar halin yaran yanzu kaɗai ta zo ba. Dubi abin da ya ɓace. Lokacin jira ya ɓace, wanda a da yake sa mutum ya huce kafin ya amsa. Edita ya ɓace. Fuska ta ɓace, domin wanda zai zage ka da sunan aro ba zai haɗu da kai a masallacin Juma'a ba. Kuma majalisar ba tamu ba ce. Gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, nan ma mun saba ganin an taƙaita intanet a kwanakin jarrabawar bakaloriya. Tabarmar Bauchi ce ta dawo da sabon kama.

Ga al'umma irin tamu abin ya wuce ɓacin rai. Saƙon murya ɗaya na ƙarya cewa an fara kame a unguwa kaza yana hana mutane fita aiki. Wani na cewa hanya ta buɗe yana iya jefa iyali cikin hamada, kuma ba mu manta da mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a Oktoban 2013 suna kan hanyar zuwa nan ba. Bidiyon yaro ɗaya yana zagin mutanen gari yana iya ɓata zaman da iyayenmu suka gina da Larabawa da Kel Ahaggar cikin shekaru masu yawa na ciniki da auratayya.

Babu mai cewa a jefar da waya. Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, inda aka yi karo-karo an fi samun magana mai ƴanci da kunya a lokaci guda. Mun iya adashe, mun iya tara kuɗin jana'iza da na mara lafiya, mun iya zuba na gawayi. Za mu iya tara ɗan abin da zai riƙe mutum biyu ko uku amintattu, maza da mata, waɗanda aikinsu shi ne su bincika labarin hanya da na hukuma kafin a yaɗa shi a rukunoninmu. Za mu iya sa ƙa'ida irin ta fada, cewa kowa ya yi magana da sunansa, wanda zai soki wani ya fara kawo maganar mutumin yadda ya faɗe ta, kamar yadda Bello ya yi wa Kanemi, wanda kuma ya yi zagi a dakatar da shi kamar yadda ake tsallake mutum a zagayen shayi. Dinari kaɗan ne a wata. Idan ba mu biya ba, wani zai ci gaba da biya a madadinmu, kuma shi zai ci gaba da zaɓar abin da za mu yi faɗa a kansa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa mu gama da ƙasar nan lafiya.