Daga Kamu Zuwa Yadi a Kasuwannin Ƙasar Matamai

Duk wanda ya tsaya gaban 'yan tufafi a Dungu, ko a Kance, ko a babbar kasuwar Matamai, ya kasa kunne ga cinikin da ke gudana, lalle zai ji abin da ya cancanci a yi masa tsokaci, domin kuwa ƙasa ce wadda Faransawa suka mallaka tun bayan da suka ci Damagaram a shekarar 1899, suka shimfiɗa mata hukuncinsu da ma'auninsu na mita, amma duk da haka tela ba ya tambayar mai riga sai da yadi, ma'aunin Ingilishi waɗanda ba su taɓa mulkin wannan yanki ba.

Kafin zuwan Nasara, ma'aunin tufa a jikin ɗan Adam yake. Masaƙi yakan warware zugu na sawaye, ya ɗora bakinsa a gwiwar hannu, ya ja shi zuwa kan ɗan yatsan tsakiya, wannan shi ne kamu, wanda malamai ke kira zira'i bisa lafazin littattafan fiƙihu. Abin da bai kai kamu ba a auna shi da taƙi, igiyar rijiya kuwa da gaba. Sai dai hannuwa ba su zama ɗaya ba, shi ya sa mai saye, idan ya ga dillali gajere ne, yakan nemi wani dogo daga cikin mahalarta ya sake aunawa a gaban shaidu, kasancewar shari'a ta shardanta sanin miƙidarin abin sayarwa, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo. A ganina akwai adalci cikin wannan tsari fiye da yadda ake zato, tun da awon a idon jama'a ake yinsa, kowa kuma yana tafe da ma'auninsa.

Shi kansa yadin, asalinsa bai yi nisa da haka ba. A tsohuwar lugar Ingilishi kalmar sanda take nufi, ana kuma hikaya cewa Sarki Henri na Farko, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, shi ya ƙayyade tsawonta da hannunsa.  Sai a 1959 ƙasashen da ke aiki da yadi suka yi ittifaƙi a kan cewa inci 36 na yadi daidai suke da mita 0.9144.

To, ta yaya sandar Ingila ta iso Dungu? Ta bin sawun fatake. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, kai, tun kafin Bature Barth ya ga masana'antar saƙa da rini ta Kano a 1851 ya yi mamakinta, mutanen wannan yanki Kano suka fuskanta wajen tufa, ta hanyar Daura, turkuɗin Kura ma ta nan yake ratsawa zuwa Abzin. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kantunan Turawa irin su John Holt suka cika da akoko da alawayyo na masaƙun Manchesta, dukansu an yanke su an lissafa su da yadi. Falke ya sayo da yadi, bai ga dalilin da zai sayar da wani abu dabam ba don kawai ya ƙetare iyakar da Faransa da Ingila suka shata a tsakaninsu cikin yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Mita ta zauna a ofishin kumandan da makarantar boko, kasuwa kuwa ta bi wanda ya kawo haja. Hatta da Nijeriya ta koma ga mita a shekarun 1970, Kantin Kwari, kasuwar tufafi ta Kano, bai sauya harshe ba, turmin atamfa yana nan yadi shida.

Abin da ya fi damuna cikin wannan tarihi shi ne yadda sunan ma'auni ya rikiɗe ya zama sunan tufar kanta, har mutum ya ce ya sayo yadi mai kyau, alhali yana nufin ƙyallen kanti. Wannan kuwa alama ce ta galabar da kayan inji suka yi a kan masaƙar gargajiya, domin tufar kanti tana da faɗi, tana da araha, ba ta buƙatar a harhaɗa ƙananan sawaye da allura kafin ta zama riga. Sannu a hankali mata suka rage kaɗi, masaƙa suka koma ga noman gyaɗa wadda Matamai ta shahara da ita a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, marina da yawa suka bushe, fari da saƙi kuma suka koma kayan gado da ba a fiddo su daga adaka sai ranar biki ko naɗin sarauta.