DAGA GONA ZUWA JAMI'A: TAƘAITACCEN TARIHIN JAMI'AR BAYERO DA WASU 'YA'YANTA



Duk wanda ya tashi a ƙasar Bichi, ko Dambatta, ko Dawakin Tofa, ko Minjibir, ko Gezawa, ya san cewa a wajenmu gona ba ta hutu. Gari na jin kiran sallar gari, gona na jingine da gona. Kullum gado sai ƙara tsaga ta yake yi, har wadda ta ci da magidanci ɗaya ta koma rabon 'ya'ya biyar. Wannan ƙarancin ƙasar noma yana cikin abin da ya sa ilmin zamani ya zame mana gona ta biyu. Jami'ar da ta fi kusa da mu kuwa ita ce Jami'ar Bayero, don haka ya kamata mu san asalinta da irin mutanen da ta yaye.

Asalin Jami'ar

An dasa harsashinta ne a 1960, a cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke birnin Kano, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai kwalejin Kano ta zama reshenta, aka kuma sa mata sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A 1964 ta koma tsohon otal na filin jirgin sama, inda ɗalibai goma kacal suka fara karatun digiri a ƙarƙashin shahararren malamin Larabci ɗan ƙasar Sudan, Dakta Abdullahi al-Ɗayyib. Suka gama a 1966. Daga baya aka tare a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, wato inda ake kira tsohuwar jami'a. A 1977 ta samu cin gashin kanta, Dakta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko.

A daidai wannan lokaci ne hanya ta buɗe wa ɗan ƙauye. Farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun nuna wa iyayenmu cewa fartanya kaɗai ba za ta riƙe gida ba. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta. A 1977 kuma gwamnatin Jihar Kano ta kafa makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, don ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Kwana da abinci da littattafai duk gwamnati ke ɗauka. Ɗan talaka in dai yana da ƙwaƙwalwa, babu abin da zai tare shi.

Fagen Adabi

Cikin waɗanda suka fita tun kwalejin tana reshen Zariya akwai Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Borno, wadda ta gama digirinta a 1973. Littafinta na Turanci mai suna The Stillborn ya fito a 1984, ya kuma ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a shekarar da ta biyo baya. Labarin wata 'yar ƙauye ce da ta dage sai ta yi karatu ta tsaya da ƙafarta. Ita ake ƙirgawa a matsayin mace ta farko daga Arewa da ta yi suna a rubutun ƙagaggen labari da Turanci.

Ta fuskar Hausa kuwa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi digirinsa na uku a nan a 1988 a kan waƙoƙin makaɗan fada, ya kuma ƙarar da ƙarfinsa wajen tattara tarihin makaɗa da mawaƙa don kada su tafi da iliminsu. A shekarar nan ce marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, malami a jami'ar, ya fitar da Hausa a Rubuce. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta jami'ar kuma ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke fassara Hausa da Hausa.

Fagen Mulki

Farfesa Attahiru Muhammad Jega ya karanta kimiyyar siyasa a Bayero, ya gama a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan ya wuce Amurka ya yi digiri na uku. Shi ne ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i daga 1988 zuwa 1994, a zamanin mulkin soja, lokacin da faɗa wa hukuma gaskiya yake kai mutum gidan kaso. Yajin aikin 1992 da ya jagoranta ya kai ga yarjejeniyar da ta haifar da asusun harajin ilmi a 1993, inda kamfanoni ke ba da wani kaso na ribarsu don gyaran makarantu. Ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010, daga nan aka ba shi hukumar zaɓe ta ƙasa. A hannunsa aka yi zaɓen 2015, karo na farko da shugaban ƙasa mai ci ya faɗi zaɓe a Nijeriya, ya kuma amince da kaye.

A nan gida, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, haifaffen ƙauyen Ganduje a ƙasar Dawakin Tofa, ya yi digirinsa na farko a Zariya, na biyu a Bayero. Ya zama mataimakin gwamna sau biyu, sa'an nan gwamnan Kano daga 2015 zuwa 2023. Sanata Barau Jibrin na Kabo ya karanta aikin akanta a Bayero, an kuma zaɓe shi mataimakin shugaban Majalisar Dattawa a 2023. Ra'ayi riga ne a kan 'yan siyasa, kowa da irin tasa, amma babu musu cewa daga karkara suka taso.

Fagen Kimiyya

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id an haife ta a Wangara, cikin ƙasar Gezawa, a 1963. Ta gama sakandare aka yi mata aure, ta zauna renon 'ya'ya. Sai da ta kusa shekara talatin sa'an nan ta koma aji. Ta zaɓi fizis, darasin da ko maza ke gudu, ta yi digiri na ɗaya da na biyu da na uku duk a Bayero, ta ƙara da wani a Jami'ar Reading ta Ingila. Bincikenta ya shafi sararin samaniya da yanayi, har da ƙurar hunturun nan da ke rufe mana gari duk shekara. A 2015 Gidauniyar Elsevier ta ba ta lambar yabo a Amurka, wadda ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, kuma a shekarar BBC ta sa ta cikin mata ɗari da suka yi fice a duniya. Duk uban da ke cewa karatun 'ya mace ya ƙare ranar ɗaurin aure, to ga amsa daga Gezawa.

Bugu da ƙari, ƙasarmu ta ba jami'ar malamai. Farfesa Bello Baƙo Dambatta, masanin kimiyyar sinadarai, ya shugabance ta daga 1995 zuwa 1999. Farfesa Umar Garba Dambatta ya daɗe yana koyar da injiniya a cikinta kafin ya riƙe hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Wani abin lura shi ne, ita ma jami'ar ta yi karatu a gonakin iyayenmu. Farfesa Michael Mortimore, Bature ɗan Ingila da ya koyar da labarin ƙasa a Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya shafe shekaru yana nazarin noman kewayen Kano. Masana da yawa sun ɗauka cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. Shi kuwa ya nuna cewa manomanmu na noma gona ɗaya kowace damina ba ta gaji ba, saboda takin dabbobi da na birni da jakuna ke kaiwa, da haɗa gero da dawa da wake, da barin gawo da ɗorawa da kuka a cikin gona. A 2012 jami'ar ta kafa cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa.

Kammalawa

Idan muka dubi wannan tarihi za mu ga babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya faɗo daga sama. Kowannensu ya ratsa ta hannun malamin firamare da na sakandare, wanda sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba. Tsani ne aka kafa da dukiyar jama'a, aka hau. A yau ɗan manomi na fuskantar kuɗin jarrabawa da na rajista da suka fi ƙarfin rumbun ubansa. In waɗanda suka hau suka bar tsanin ya ruɓe, wa zai biyo baya? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.