Ƙaramin aku: Yadda ake bambance ɗabi'a da alamun cuta

Ƙaramin akun nan da Turawa ke kira baji ɗan asalin busassun yankunan ƙasar Ostireliya ne. A shekarar 1840 masanin tsuntsaye John Gould ya kai shi Ingila, daga can kuma ya bazu cikin duniya.

Tsawonsa kimanin santimita 18 ne, nauyinsa kuma giram 30 zuwa 40, wato bai kai girman tsirya da aka sani a ƙasar Hausa ba. A birane irin su Sakkwato ana ajiye shi cikin keji domin sha'awa, kamar yadda ake ajiye kanari.

Wahalar kiwonsa ita ce yana ɓoye ciwo. A daji, tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, saboda haka bajin kan ci gaba da nuna kuzari har sai ƙarfinsa ya ƙare. Sau da yawa ranar da mai shi ya lura, cutar ta riga ta kwana biyu a jikinsa.

Bazara da hunturu

Yanayin Sakkwato kan ƙara rikita al'amarin. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tsuntsu ba ya yin gumi. Don haka idan aka ga baji da tsakar rana ya buɗe baki yana haki, ya ɗaga fukafukai daga jikinsa, to yana ƙoƙarin rage zafi ne. A mayar da kejin inuwa, a ba shi ruwa mai sanyi kaɗan, a fesa masa wani a jiki.

Idan zafi ne kawai, ba da jimawa ba zai rufe baki. Amma idan hakin ya ci gaba har da yamma ko da asuba, bindinsa na ɗagawa yana sauka tare da kowane numfashi, wannan ciwon numfashi ne.

Haka nan a hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, tsuntsu mai lafiya kan kumbura gashinsa da safe don riƙe ɗumi, ya kwantar da shi idan rana ta ɗaga. Wanda ya wuni a kumbure, idanu a lumshe, ba sanyi kaɗai ke damunsa ba. Atishawa ɗaya ko biyu cikin ƙura ba komai ba ne, sai fa in akwai majina a hanci.

Abin da ba cuta ba

Barci a kan ƙafa ɗaya, da cusa kai cikin gashin baya, da goga baki yana ƙara kafin barci, duk alamun natsuwa ne. Zubar da gashi sau ɗaya ko biyu a shekara ma ɗabi'a ce, muddin fata ba ta fito fili ba.

Namiji kan kaɗa kai sama da ƙasa ya dawo da hatsi daga maƙogwaro, ya ba macen a baki, ko ma ya ba hotonsa a madubi. Wannan neman aure ne. Amai kuwa daban yake: tsuntsun kan girgiza kai hagu da dama, hatsi ya fantsama a keji, gashin kansa ya jiƙe ya manne.

Fatar da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke, galibi shuɗiya ce ga namiji. Ta mace kan koma ruwan ƙasa ta yi kaushi idan lokacin ƙwai ya zo, wannan ma ba abin damuwa ba ne. Farin ɓamɓaroki mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a baki ko a ƙafafu shi ne cuta: wata irin ƙazuwa ce da ƙananan ƙwari ke haddasawa, kuma tana jin magani.

Alamun da ba a jinkiri a kansu

Tsuntsun da ya bar sandarsa ya zauna a ƙasan keji yana cikin haɗari. In mace ce tana yunƙuri, mai yiwuwa ƙwai ne ya maƙale.

Ƙin cin abinci na kwana guda ya isa ya galabaitar da shi. A nan mutane da yawa kan ruɗu, domin baji na ɓare gero ya bar ƙaiƙayin a cikin kwano, sai a ɗauka abinci na nan. A hura kwanon a gani. A kuma shimfiɗa takarda a ƙasan keji: kashi mai lafiya ɗan dunƙule ne, kore mai duhu da fari a jikinsa. Raguwarsa, ko jini, ko mannewarsa a gashin gindi, alama ce ta cuta.

Gero zalla ba ya wadatar da shi. Ƙarancin sinadarin aidin kan jawo masa maƙoƙo daga ciki, ya danne hanyar iska, har a riƙa jin wani ɗan fito a numfashinsa. Hayaƙin gawayi, da turaren wuta, da maganin sauro kuwa na iya kashe shi a ɗaki rufaffe.

Akwai kuma cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum kan ɗauka ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu. A 1929 da 1930 ɗaruruwan mutane suka kamu da ita a Turai da Amurka. Duk wanda ya yi zazzaɓi da tari bayan tsuntsunsa ya yi ciwo, ya shaida wa likita yana kiwon aku.

Fasa kafso a zuba cikin ruwan sha, kamar yadda ake yi wa kaji, ganganci ne ga halittar da ba ta kai giram 50 ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. A ware marar lafiyar daga sauran, a kai shi da safe kafin rana ta yi zafi, cikin kejinsa a lulluɓe da ƙyalle, ba tare da an cire takardar ba, domin likita zai so ganin kashin.